Daga Zango Zuwa Zango: Tseren Keke Na Tour du Faso Da Tsohuwar Hanyar Gwanja

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, ina cikin koya wa ɗalibaina darasi a kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, sai na zana musu taswira a allo, na jera sunayen garuruwan da ayari kan yada zango a cikinsu. Da na rubuta Fadan Gurma da Kupela, wani yaro da ke zaune can baya, wanda ba kasafai yake magana a aji ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ta waɗannan garuruwan ake tseren keke." Na tambaye shi wane irin tsere, ya ce kawunsa mazaunin Wagadugu ne, shi yake turo musu hotuna a waya duk shekara. Sauran yaran suka bushe da dariya, domin a ganinsu keke abin hawan wanda ya rasa kuɗin babur ne. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, saboda yaron ya san wani abu game da hanyar da na yi shekara da shekaru ina koyarwa wanda ni ban sani ba.

Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin tseren da ake kira Tour du Faso, wato zagayen ƙasar Burkina Faso a kan keke. Abin da na tarar shi nake son in gabatar wa 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa: yadda ake irin wannan tsere, da inda ya samo asali, da ƙungiyoyi da mahayan da suka yi fice a cikinsa, da hanyar da yake bi, sannan da abin da ya shafe mu a ciki mu mutanen Kano.

Yadda Ake Tseren Zango-Zango

Tseren keke iri-iri ne. Akwai na yini ɗaya, wanda duk wanda ya riga isa shi ne gwani. Akwai kuma na kwanaki, wanda ake raba doguwar hanya kashi-kashi, kowace rana a tashi daga wani gari a sauka a wani. Bahaushe yana da kalmar da ta dace da wannan tun kafin ya ga keke, ita ce zango. A kowane zango ana rubuta lokacin da kowane mahayi ya ɗauka, a haɗa da na jiya da na shekaranjiya. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ake sa wa rigar rawaya, ya kwana da ita, ya tashi da ita, har sai wani ya ƙwace. Saboda haka mutum yana iya cin tseren baki ɗaya alhali bai zo na ɗaya a ko da zango guda ba, muddin dai kullum yana cikin na gaba-gaba. Akwai kuma koriyar riga, wadda ake bai wa wanda ya fi tara maki wajen ruguguwar shiga gari.

Mai kallo daga nesa zai zaci kowa tasa ta fisshe shi ne, amma ba haka abin yake ba. Babban abokin gabar mai keke iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Don haka kowace ƙungiya tana da jagora ɗaya, sauran kuma yaransa ne: su tare masa iska, su koma baya wurin mota su ɗebo masa ruwa, in tayarsa ta yi faci wani ya cire tasa ya ba shi, shi ya tsaya a bakin hanya yana jira. A al'adar wannan wasa, kuɗin da jagora ya ci rabawa ake yi da yaran.

Duk wanda ya ji labarin fatake a bakin kakanni zai ga bai ji baƙon abu ba. Ayari yana da madugu, wanda sunansa ake ambata in an isa lafiya. Yana da jagaba, mai wucewa gaba ya duba hanya da wurin sauka. Yana da uban dawaki, da malamin ayari, da ɗimbin masu kora jakuna waɗanda babu wanda ya riƙe sunayensu. Da madugu da jagoran ƙungiyar keke duk abu ɗaya suka sani: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tseren Da Jarida Ta Haifa

Asalin wannan tsari daga Faransa yake, kuma abin da zai ba marubuci sha'awa shi ne masu alƙalami ne suka ƙago shi. A shekarar 1903 wata jaridar wasanni mai suna L'Auto tana fama da rashin ciniki. Wani matashin ɗan jarida, Géo Lefèvre, ya ba editansa Henri Desgrange shawarar su shirya tseren da zai zagaye ƙasar, domin mutane su riƙa sayen jarida kullum su ji inda aka kwana. Ranar 1 ga Yuli, 1903, mahaya 60 suka tashi daga gefen birnin Faris. An raba hanyar zango 6, jimillar kilomita 2,428, ta biranen Lyon da Marseille da Toulouse da Bordeaux da Nantes. Zangon farko kaɗai kilomita 467 ne, ana tafiya dare da rana. Mutum 21 ne suka kai ƙarshe, kuma Maurice Garin, wanda a da sana'arsa share bututun hayaƙi, shi ya zo na ɗaya. Cinikin jaridar ya ninka fiye da sau biyu. A 1919 aka shigo da rigar rawaya, launin takardar da ake buga jaridar a kai, kuma Eugène Christophe ne ya fara saka ta.

Wannan shi ne Tour de France, wanda yanzu ake yi zango 21 cikin mako uku, kowace ƙungiya da mahaya 8. Mai karatu ya lura da abu guda. A wancan zamani babu talabijin, kuma mai tsayuwa a bakin hanya ba ya ganin komai sai wucewar ƙura ta minti ɗaya. A shafin jarida ne tseren yake zama labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, mai jarumi da maci amana da wanda ƙaddara ta faɗa wa. Da babu marubuta, da tuni an manta da shi.

Haihuwar Tour du Faso

Ƙasar da Faransawa suka raɗa wa suna Haute-Volta ta sauya suna zuwa Burkina Faso ranar 4 ga Agusta, 1984, a zamanin Kyaftin Thomas Sankara. Sankara mutum ne da aka sani da hawan keke da kuma matsa wa ma'aikata su riƙa motsa jiki, ƙasarsa kuma ƙasa ce da keke yake abin hawan kowa, maza da mata, har ana yi wa Wagadugu kirari da babban birnin masu ƙafa biyu. A 1987 aka yi Tour du Faso na farko. A cikin wannan shekarar, ranar 15 ga Oktoba, aka kashe Sankara, amma tseren bai bi shi kabari ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, shi yana nan.

Daga cikin waɗanda suka yi wa tseren hidima akwai wani Bafaranshe, Francis Ducreux, tsohon mahayi da ya taɓa shiga Tour de France, wanda ya tare a Afirka ta Yamma yana shirya irin waɗannan tsere har ya rasu a Wagadugu a 2021. Daga 2001 kamfanin da ke shirya Tour de France ya shigo ya riƙe ragamar shirin na wasu shekaru, abin da ya jawo hankalin gidajen talabijin na Turai. A 2005 kuma hukumar tseren keke ta duniya ta sa shi cikin jerin gasanninta na nahiyar Afirka. An saba yin sa a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar damina, zango goma ko kusa da haka, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, a kammala a Wagadugu.

Ƙungiyoyi Da Mahaya

Ƙungiyoyin da ke shiga kashi uku ne. Na farko masu masaukin baƙi, waɗanda kan fito da ƙungiya fiye da ɗaya, babbar cikinsu ita ce ta ƙasa da ake kira Étalons, wato Ingarmu. Na biyu ƙungiyoyin ƙasashen Afirka, irin su Kwaddibuwa da Mali da Kamaru da Sanagal da Benin da Togo da Maroko. Na uku ƙananan kulob-kulob daga Faransa da Beljiyam da Holan da Jamus. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ko da yake gasar tana cikin jadawalin ƙwararru, da yawa daga cikin mahayan ba da keke kaɗai suke ci ba, suna da wasu sana'o'in da suke komawa in an tashi. Bambancin kayan aiki ma a fili yake, musamman a shekarun farko, lokacin da Bature kan zo da sabon keke mara nauyi, ɗan ƙasa kuma yana fama da wanda aka sha yi wa gyara.

Wanda ya ci na farko a 1987 baƙo ne, Igor Luchinko daga Tarayyar Sobiyet. Daga nan 'yan gida suka riƙe rigar shekara huɗu a jere: Mady Kaboré a 1988, Maxime Ouédraogo a 1989, Aimé Zongo a 1990, sai Saïdou Rouamba a 1991. Ernest Zongo ya ci sau biyu, a 1995 da 1997. Bayansa aka shiga shekaru shida na ɗaci ga mutanen Faso, baƙi suna zuwa suna tafiya da rigar. A cikinsu akwai Abdelati Saadoune na Maroko, wanda ya ci a 2002 ya kuma sake ci a 2009, da Maarten Tjallingii na Holan, wanda ya ci a 2003 kafin ya zama cikakken ƙwararre ya shiga Tour de France. Abdul Wahab Sawadogo ne ya share wa ƙasarsa hawaye a 2004, Jérémie Ouédraogo ya biyo baya a 2005. An sake yin shekara uku rigar ba ta bar gida ba, daga 2011 zuwa 2013, a hannun Hamidou Zidweiba da Rasmané Ouédraogo da Abdoul Aziz Nikiéma. Harouna Ilboudo ya ci a 2016, Mathias Sorgho a 2018, Paul Daumont kuma a 2023.

Mai karatu zai ga sunan Ouédraogo ya maimaitu. A harshen Mosi ma'anarsa ingarman doki, kuma shi ne sunan kakan sarakunansu, ɗan gimbiya Yennenga. Ashe su ma mutanen doki ne kamar mu masu hawan salla, sai dai su sun ɗauki darajar doki sun ɗora wa dokin ƙarfe ba tare da jin kunya ba.

Hanyar Da Ake Bi

Hanyar takan sauya daga shekara zuwa shekara, amma garuruwan da aka fi sauka sanannu ne. Ta yamma akwai Kudugu da Boromo da Bobo-Dioulasso, birni na biyu a ƙasar, mai nisan kimanin kilomita 360 daga Wagadugu, da Banfora mai gonakin rake. Ta arewa akwai Yako da Wahiguya da Kaya da Dori. Ta kudu akwai Po, kusa da iyakar Gana. Ta gabas kuwa akwai Kupela da Tenkodogo da Fadan Gurma. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar tamu, babu dogayen duwatsu irin na Faransa. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne zafin rana, da iskar da ke bugowa ta gefe, da ramukan hanya, da kuma wuraren da kwalta ke ƙarewa a shiga jar ƙasa, ƙura ta turnuƙe, taya ta yi ta fashewa.

Waɗannan garuruwa na gabas su ne suka haɗa darasina da hotunan wayar ɗalibina. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe wannan fatauci. Sukan ɗora wa jakuna tufafin rini da kanwa da jemammun fatu, su dawo da goro daga kasuwar Salaga, tafiyar watanni zuwa da dawowa. Hanyoyin ba ɗaya ba ne. Wata takan bi ta Yawuri da Borgu da Sansanin Mango. Wata kuma takan ƙetare Kwara a Sayi, ta ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, sannan ta gangara kudu. Shaidar wannan tana nan a kan taswira har gobe, domin sunan Fadan Gurma Hausa ce tsantsa, fatake ne suka raɗa shi ya bi garin. A tsakiyar Wagadugu ma akwai tsohuwar unguwar Hausawa da ake kira Zangouettin, wadda kalmar zango take cikin sunanta. A 2003 hukuma ta rushe ta tare da maƙwabtanta domin gina sabuwar cibiyar kasuwanci, aka mayar da mazaunanta bayan gari.

Fataucin ƙasa ya fara ja da baya bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, sannan jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya ƙarasa shi, goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya ga zamanin biyu da idonsa. Mu da muka gaji hanyar mun bar ta a littafin darasi, ga shi wasu suna binta a kan keke, yara suna fitowa daga makarantu su jeru a bakin titi suna tafi.

Akwai wani abu kuma da hanyar ke nunawa. Tsere irin wannan ba ya yiwuwa sai hanya tana da aminci. Sau uku aka fasa Tour du Faso a 'yan shekarun nan: a 2014 saboda tsoron cutar Ebola, a 2020 saboda annobar korona, a 2022 kuma saboda taɓarɓarewar tsaro, lokacin da hanyoyin arewa da gabas suka zama abin tsoro ga matafiya. Haka fatake suke a da: in aka ji yaƙi ko 'yan fashi sun tare wata hanya, madugu yakan sauya wata ko ya dakata a zango. Wanda yake son sanin lafiyar ƙasa, ya duba garuruwan da ayari ya daina zuwa.

Mu Fa A Kano?

Kano ba baƙuwar keke ba ce. Iyayenmu sun kira shi basukur, sun kira shi dokin ƙarfe, har sunansa ya bazu ya hau kan wasu na'urori, aka sami keken ɗinki da keken rubutu. Akwai lokacin da ake haɗa keken Raleigh a nan Kano, kuma mallakarsa alama ce ta rufin asiri ga malamin makaranta da ɗan kasuwar Kurmi. Mahaifina yana da guda ɗaya baƙi, wanda yake gogewa da tsumma kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci, kuma a kan kariyarsa na fara ganin bayan ganuwa. Mu kuma yara a keken haya muka koya, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda saboda ba mu kai sirdi ba, muna faɗuwa a lunguna, mai haya yana lissafa mana minti. Daga baya babur ya zo ya ture keke, har ya zama abin raini. Aka hana acaɓa a 2013, A Daidaita Sahu ta mamaye titi. Sai ga shi bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, magidanta da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu sun kai wa mai faci.

A wannan lokacin kuma wasu 'yan Afirka sun yi nisa. Daniel Teklehaimanot na Iritiriya ya saka rigar gwanin hawan dutse a Tour de France na 2015. Ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya ci zango uku a 2024, ya tafi gida da koriyar riga. A watan Satumba na 2025 aka yi gasar cin kofin duniya ta tseren keke a Kigali, karo na farko a nahiyar Afirka. Mu kuma a gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye, 'yar Nijeriya ta farko da ta wakilce mu a wannan fanni, sai da ƙungiyar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga ɗaya daga cikin wasannin. Ƙarfin ƙafa ba shi muka rasa ba. Duk wanda ya ga mai kawo itace ko madara daga ƙauye a kan keke da sassafe ya san haka.

Da za a zana mana tamu hanyar, ba sai an yi dogon tunani ba: a tashi daga Ƙofar Nasarawa zuwa Zariya, a bi ta Funtuwa zuwa Katsina, a ƙetara Maraɗi, a nufi Damagaram, a dawo ta Daura a shigo Kano. Kowane zango a nan yana da tarihin da zai cika littafi. Amma kafin in gama rubuta wannan jerin na san mai karatu ya riga ya tuna wuraren da ba zai yarda ɗansa ya bi a kan keke ba, kuma wannan kaɗai ya isa abin tunani.

Kammalawa

Shirya tsere aikin hukuma ne da masu hannu da shuni. Namu aikin ya fi wannan sauƙi, kuma babu mai yi mana shi. Littattafanmu sun cika da motoci masu numfashi da gidajen bene, amma da wuya ka ga jarumin da ke tafe a kan keke, alhali rabin iyayenmu a kansa suka nemi abin da suka ciyar da mu. A cikin birnin nan har yanzu akwai dattawan da suka yi aikin haɗa keke, da tsofaffin masu haya, da masu faci da suka shekara arba'in a gindin bishiya ɗaya, da jikokin madugai masu sauran labarin Gwanja a bakinsu. Kowace shekara ana raguwa. Ina kira ga matasan marubuta da ke neman abin rubutawa su ɗauki biro da takarda su je su zauna da su, su tambayi shekara da suna da farashi da hanya, su rubuta kamar yadda aka faɗa musu.

Shi kuwa ɗalibin nawa, na ba shi aikin ya tambayi kawunsa sunayen garuruwan da tseren bana zai sauka, mu ɗora su a kan taswirar fatake mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya buɗe hanyoyin da suka toshe, amin.